Ku Tambaya, Mu Amsa: Ƙananan Ɗabi'un da ke Gyara Lafiyar Gida da Muhalli

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan wata daga birnin Sakkwato da ƙananan hukumomin da ke kewaye da shi suka fito, kuma kusan dukansu a kan abu ɗaya suke magana, wato abin da mutum zai iya yi a gidansa kullum domin kare lafiyar iyalinsa da wurin da yake zaune. Mun taƙaita wasu saboda ƙarancin wuri, kuma mun sakaya sunayen masu tambaya kamar yadda aka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Kullum a rediyo ana ce mana mu kula da muhalli domin duniya tana ɗumama. Ni ma'aikaci ne mai ƙaramin albashi, ba ni da mota, ba ni da na'urar sanyaya ɗaki. Shin abin da zan yi a gidana zai rage zafin Sakkwato kuwa, ko dai magana ce ta masu hali? Daga wani ma'aikaci, Runjin Sambo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Idan ana maganar hayaƙin man fetur, gas da kwal da ke ɗumama duniya, nahiyar Afirka gaba ɗayanta kimanin kashi 4 cikin 100 kawai take fitarwa, sauran kuwa mafi yawansa daga masana'antu, tashoshin wuta da motocin ƙasashe irin su Sin, Amurka, Indiya da na Turai yake fitowa. Saboda haka ba zan ce maka kashe fitilar ɗakinka zai sauko da zafin watan Afrilu ba, lokacin da ma'aunin zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato. Wannan nauyi ne da ya rataya a wuyan gwamnatoci da manyan kamfanoni, kuma daidai ne a ci gaba da matsa musu lamba a kansa.

Sai dai muhallin da ya fi kusa da kai yana hannunka. Iskar da matarka ke shaƙa a madafa, kwatar ƙofar gida, ruwan da ke cikin randa, da inuwar da yara ke wasa a ƙarƙashinta, duk kai ne da iyalinka kuke yanke hukuncin yadda za su kasance, kuma sakamakon gyara su ba ya ɗaukar shekaru kafin a gan shi. Mai ƙaramin ƙarfi ya fi kowa cin ribar wannan gyara, domin shi ne wanda kuɗin asibiti ke karya wa jari, shi ne kuma wanda kuɗin itace da na ruwa ke cinye wa albashi.

Shawarata ita ce kada ka ɗauki abubuwa goma a rana ɗaya, domin wanda ya yi haka yakan watsar da su duka kafin wata ya ƙare. Ka zaɓi ɗaya, ka haɗa shi da wani abu da ka riga ka saba yi kullum, kamar alwala, cefane ko fita masallaci, har sai ya zame maka jiki, sannan ka ƙara wani. Ya tabbata a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Idan kuwa ka tambaye ni da wanne za a fara, zan ce da hayaƙin girki, kuma dalilina yana cikin amsar da ke biye.

Tambaya: Da itace nake girki sau uku a rana, kuma madafarmu ba ta da taga. Idanuna suna yawan zubar da ruwa, ɗana na goye kuma ba ya rabuwa da tari. Gas ya fi ƙarfinmu. Me zan yi? Daga wata uwa, Mabera.

Amsa: Malama, Allah Ya ba yaro lafiya. Kafin komai, idan kin ga yana numfashi da sauri, ko ƙasan ƙirjinsa yana shigewa ciki idan ya ja numfashi, ko ya ƙi karɓar nono, ki kai shi asibiti a ranar ba tare da jira ba, domin waɗannan alamun nimoniya ne. Ke ma idan tari ya wuce mako biyu a jikinki, ki je a yi miki gwajin tibi, wanda gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda mafi yawanta hayaƙin itace, gawayi, kara da kananzir ne, ta yi sanadiyyar mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020. Hayaƙin yana ɗauke da ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani, waɗanda ke ratsawa har can cikin huhu su shiga jini, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa saboda su ne kullum a bakin murhu. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka ɗauki wannan wahala a matsayin wani ɓangare na zaman aure, har ba a lissafa ta cikin cututtuka.

Mataki na farko ba ya buƙatar ko kwabo: idan za ki hura wuta, ki sauke yaron daga baya ki miƙa shi ga wani, musamman a farkon kamawar wuta lokacin da hayaƙi ya fi kauri. A watannin rani, da suka fi yawa a shekararmu, ki fito da murhu tsakar gida, ki kare shi daga iska da 'yar katanga ta laka ko guntun kwano, ki kuma zauna ta inda iska ke fitowa domin hayaƙin ya yi gaba. Madafar kuwa, ki roƙi maigida ya sa a huda mata taga a sama kusa da rufi, a bangon da ke fuskantar ƙofa, domin iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Aikin magini ne na yini guda, kuma ina kira ga magidanta da su ɗauke shi da muhimmancin da suke ba gyaran rufin ɗakin kwanansu.

Sai kuma itacen kansa. Ɗanyen itace ya fi hayaƙi kuma ya fi ƙarancin zafi, domin wutar sai ta fara ƙone ruwan da ke jikinsa, saboda haka a faskara shi ƙanana, a shanya, a ajiye inda ruwa ba ya taɓa shi. Kada a riƙa kama wuta da leda, tsohon silifa ko guntun roba, duk da saurin kamawarsu, domin hayaƙinsu ya fi na itacen guba. Murhun duwatsu uku yana barin mafi yawan zafi ya tsere ta gefe, amma idan aka kewaye shi da laka aka bar ƙofa ɗaya ta sa itace, tukunya ta zauna daram a bakinsa, itacen da ake ƙonawa yana raguwa sosai. Rufe tukunya da murfi, da jiƙa wake tun da dare, su ma suna rage lokacin da za ki ɗauka a gaban wuta.

Akwai wata dabara da nake so mata su gwada. Idan shinkafa ta tafasa na minti biyar, ko jiƙaƙƙen wake na kamar minti ashirin, a sauke tukunyar a rufe, a naɗe ta da tsohon bargo ko zannuwa, a saka cikin kwando ko kwali, a rufe sama. Zafin da ke ciki zai ƙarasa dahuwar, shinkafa cikin ƙasa da awa ɗaya, wake cikin awa biyu zuwa uku, babu hayaƙi kuma babu ƙonewa. Idan abincin ya daɗe har ya huce, a sake tafasa shi kafin a ci.

Duk waɗannan suna rage hayaƙi ne, ba su kawar da shi ɗungurungum, kuma gas ya fi su tsabta nesa ba kusa ba. Idan hali ya samu, ko ƙaramar tukunyar gas ce a saya a keɓe ta ga shayin safe da ɗumame, a bar tuwo da dahuwa mai tsawo ga itace. Gargaɗi na ƙarshe ya shafi hunturu: kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, kada kuma a tayar da janareta a zaure ko kusa da taga. Dukansu suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kashe mutane suna barci.

Tambaya: Tunkiyata ta yi ta ramewa alhali tana cin abinci, da muka yanka ta sai muka tarar da tumbinta cike da leda. Unguwarmu kuma ko'ina leda ce. Ƙonawa ya fi, ko binnewa? Daga wani mai kiwo, Kware.

Amsa: Allah Ya mayar da alheri, Malam. Abin da ka gani mahauta sun daɗe suna ganinsa. Dabba tana jin ƙanshin gishiri ko mai a jikin ledar da aka zuba abinci, sai ta haɗiye, ledar kuma ba ta narkewa a ciki, sai ta dunƙule ta cika tumbi har abinci ya rasa wurin zama. Maganin farko shi ne a daina sakin dabbobi suna kiwo a juji, a ɗaure su a ba su harawa da dusa, a kuma ajiye musu gishirin lasa, domin dabbar da jikinta ke neman gishiri ta fi saurin cin abin da ba abinci ba.

Game da tambayarka, ƙonawa ta fi muni, domin hayaƙin leda yana ɗauke da sinadarai masu cutar da huhu, kuma yawanci da yamma ake cinna wa bola wuta, daidai lokacin da yara ke waje. Binnewa ba ta hayaƙi, amma ledar tana nan a ƙasa shekara da shekaru, tana hana ruwa ratsawa, kuma manoman da ke kwasar juji su kai gona a matsayin taki sun san yadda take damun garma da saiwar shuka. Hanyar da ta fi ita ce a rage shigowarta gida tun daga kasuwa. Mai zuwa cefane Kasuwar Daji ya riƙe jakar buhu ko kwando, wanda aka aika sayen koko, waina ko wake da shinkafa ya tafi da kwano mai murfi, mai fita aiki ya cika gorarsa da ruwa daga gida. Zuba abinci mai zafi a leda, ko dafa alale a cikinta, ɗabi'a ce da ya kamata a bari ko don lafiyar masu ci, tunda ƙananan kwanoni suna yin aikin.

Wadda ta riga ta shigo kuwa, a ware mata buhu guda a rataye, kada a haɗa ta da ɓawon kayan miya, toka da kashin dabbobi, domin waɗannan taki ne mai kyau idan babu leda a cikinsu. Robobin lemo da ƙarafa suna da masu saye. Kwata kuma a kiyaye ta. Ambaliyar watan Satumba na 2010, wadda ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, daga gulbi ta zo, amma ruwan da ke shiga gidaje a cikin unguwanni kowace damina sau da yawa toshewar magudanai ce ke jawo shi, kuma ruwan da ya kwanta mako ɗaya zuwa kwana goma ya ishi sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi. Ƙasar Ruwanda ta haramta ledar cefane a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, kuma kasuwanninsu ba su tsaya ba. Kafin hukumominmu su kai ga irin wannan mataki, mai unguwa da limami suna iya haɗa matasa su yashe magudanai a watan Mayu, kafin ruwan farko.

Tambaya: Shekaruna 58, likita ya ce ina da hawan jini, ya ba ni magani, ya ce in rage gishiri in riƙa motsa jiki. Yini nake yi a zaune a shago. Yaya zan yi? Daga wani ɗan kasuwa, Ƙofar Atiku.

Amsa: Alhaji, Allah Ya ƙara lafiya. Ka riƙe maganin da aka ba ka, kada ka dakatar da shi don ka ji sauƙi, domin hawan jini yakan yi ɓarna a ɓoye har sai ya kai ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga baligi shi ne ƙasa da giram 5 na gishiri a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye a burodi, yajin tsire, kilishi da dunƙulen magi, wanda kusan rabinsa gishiri ne. A roƙi uwargida ta riƙa ragewa kaɗan kaɗan, domin harshe yakan saba cikin 'yan makonni, ta kuma cike gurbin da daddawa, albasa, tafarnuwa da citta. Albasa da tafarnuwa dai a fadamun Wurno da Goronyo ake noma su, ba sai an nemo daga nesa ba. A wajen sha, kwalbar lemo guda tana ɗauke da sukarin da ya kai cokalin shayi takwas zuwa tara, saboda haka fura da nono ko zoɓo marar sukari da yawa sun fi maka. Tuwon gero ko na dawa da miyar kuka, kuɓewa ko zogale abinci ne da ba ya buƙatar gyara mai yawa, in ban da rage mai da gishiri.

Motsa jikin da ake nema minti 150 ne a mako, wato rabin awa sau biyar, kuma tafiya da ɗan sauri ta wadatar. A garinmu lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar Asuba, kafin rana ta ɗaga. Idan shagon bai yi nisa ba, ka taka da ƙafa da safe ka hau abin hawa a dawowa, kuɗin mai ko na kabukabu ya ragu. A bazara kada ka yi tafiyar tsakar rana, ka kuma yawaita shan ruwa.

Tambaya: Wutar lantarki ba ta zama, tumatir da alayyafo suna lalace mini cikin kwana biyu. Akwai dabara? Daga wata amarya, Arkilla.

Amsa: Akwai, ƙanwata. Ki samo tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, ki saka ƙaramar cikin babbar, ki cika tsakaninsu da rairayi, ki jiƙa shi da ruwa safe da yamma, ki zuba kayan miyar a ƙaramar ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma, sannan ki ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Yayin da ruwan ke bushewa ta jikin tukunyar waje, yana janye zafin da ke ciki. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ne ya yaɗa wannan dabara a ƙauyukan Arewa, har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ta fi aiki a busasshen zafi irin namu, tana raguwa da damina, kuma ba ta dace da ajiye nama ko kifi ba. Abin da ya yi yawa kuma ki yanka ki shanya a kan faifai, a rufe da yadi marar kauri saboda ƙuda da ƙura.

Tambaya: Shekara biyu a jere ina dasa itatuwa a ƙofar gidanmu da gonar mahaifina, amma babu wanda ya kai rani na biyu. Ina kuskuren yake? Daga wani ɗalibi, Gwadabawa.

Amsa: Madalla da wannan himma, ɗana. Dashe yakan mutu ne saboda abu uku: makara, awaki da ƙishin ranin farko. A dasa da zarar damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli, domin saiwa ta samu watanni tana shiga ƙasa kafin ruwa ya ɗauke a ƙarshen Satumba. A haƙa rami mai zurfin kamu biyu, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, a cire ledar da dashen ya zo a ciki, a kewaye shi da ƙaya ko tubali tun ranar farko, a kuma rufe gindinsa da kara ko busasshiyar ciyawa domin laima ta daɗe. Itace biyu da za ka iya shayarwa sun fi ashirin da za ka bari.

Ruwan shayarwa kuwa yana nan a gidanku ana zubar da shi sau biyar a yini. Ka dasa itacen kusa da inda ake alwala, ko ka ajiye bokiti a wurin ka riƙa juye masa, haka ma ruwan wankin shinkafa da na gero, amma ban da mai omo ko bilic. Zogale ya dace da tsakar gida domin cikin 'yan watanni ake fara cin ganyensa, dogon yaro kuma ya dace da ƙofar gida saboda juriyarsa da inuwarsa, sai dai a nisanta shi da katanga, rijiya da masai saboda saiwarsa.

A gona lamarin ya bambanta. Sakkwato tana cikin jihohi 11 na Arewa da ke cikin shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 domin tare hamada, amma darasin da ya fi kusa da ku yana tsallaken iyaka. A yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, tun daga shekarun 1980, manoma tare da wani masanin noma ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo suka lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai, kuma saiwarsu ta riga ta kai ga laimar ƙasa. Maimakon a sare tohon duka, sai a zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi a bari, a datse sauran, a riƙa yi musu aski kowace shekara. Ta wannan hanya aka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, ba tare da dashe ko ban ruwa ba. Ka zaga gonar mahaifinka lokacin sharar gona, za ka iya samun kututturan sabara, kalgo, magarya, aduwa ko gawo. Gawo ya fi cancantar a kula da shi, domin da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Ka nemi yardar mahaifinka tukuna, ku fara da gefe ɗaya na gonar, ka ɗaura jan tsumma a jikin rassan da kuka zaɓa domin makiyaya da masu neman itace su san da gangan aka bar su, sannan ku sanar da mai gari da maƙwabtan gona.